Hadarin Farkon Damina a Zariya: Tambayoyi da Amsoshi

Da watan Afrilu ya raba, hirar majalisa a Zariya takan koma kan abu guda: yaushe ruwa zai sauka? Mai gona a hanyar Giwa yana tambaya, magini a Hanwa da ya jibge siminti a fili yana tambaya, uwargidan da ta shanya gari a tsakar gida ita ma idonta na sama. Ni kuwa, don an ga na daɗe ina ajiye gwangwanin awon ruwa a bayan gidana a Samaru, sai aka ɗauka na san wani abu, ake tare ni da tambayoyi har a ƙofar masallaci. Ga waɗanda aka fi yi mini, da amsar da nake bayarwa.

Me ya sa zafi ke tsananta gab da saukar ruwa, har barcin dare ya gagara?

Iska biyu ce ke rabon shekara a ƙasar nan. Ɗaya busasshiya ce, daga hamadar Sahara take fitowa ta arewa maso gabas, ita ce mai kawo hunturu da hazo da faskarewar leɓe. Ɗayar daga Tekun Atlantika take tasowa ta kudu maso yamma, ɗauke da laima. Inda suka yi karo akwai iyaka, kuma iyakar ba ta zaune wuri ɗaya. A watan Janairu tana can kusa da gaɓar teku, sai ta riƙa hawowa arewa sannu a hankali tana bin rana, har ta kai cikin Sahara a watan Agusta, sannan ta juya.

Wajen Afrilu wannan iyakar kan ratsa ta kanmu. Ranar tana tsaye a tsakiyar kai, ƙasa ta bushe ƙayau, zafi kan haura digiri 35 da rana, ga shi kuma laima ta fara shigowa. A watan Maris in ka yi zufa nan take take bushewa. A ƙarshen Afrilu kuwa zufar sai ta maƙale a jiki, riga ta manne da baya, randa ma ta rage sanyaya ruwa. Bazara ke nan, kuma wannan gumin da muke kuka da shi shi ne abincin hadari.

In iskar damina daga kudu take zuwa, me ya sa kullum hadari daga gabas yake tasowa?

Wannan tambayar ta fi kowace burge ni, domin mai yin ta ya lura da kyau. Iskar kudun da ke kawo laima a ƙasa-ƙasa take tafiya, kaurinta a farkon damina bai taka kara ya karya ba. Sama da ita, wajen kilomita 3 zuwa 4 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma, ta ratsa Afirka ta Yamma gaba ɗaya. Idan rana ta gasa ƙasa, iska mai laima ta ɗumama ta yi sama, sai ta huce, tururin da ke cikinta ya daskare ya zama gajimare. Gajimaren hadari kan yi tsiri har ya wuce kilomita 12, wani ya kai 15. Da ya kai tsayin da iskar gabas take, sai ta tura shi yamma. Laimar daga kudu ta zo, amma mai tuƙa hadarin ɗan gabas ne.

Sau da yawa ba guda ɗaya yake zuwa ba. Hadurra kan jeru kafaɗa da kafaɗa daga arewa zuwa kudu, su yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, su nufo yamma da gudun da ya kai wajen kilomita 50 a awa. Wurare masu tudu irin duwatsun Jos da na ƙasar Bauchi na cikin inda suke yawan haɗuwa da rana, shi ya sa mu nan akasari da la'asar sakaliya, ko bayan magariba, ko tsakar dare suke riskar mu.

Wannan yana da amfani a aikace. Daga Anchau, da ke gabas da mu, zuwa Zariya a miƙe wajen kilomita 75 ne. In kana da ɗan'uwa a can ko a Soba ya kira ya ce musu hadari ya kece da iska, kana da kamar awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ka kwashe shanya ka ɗaure dabbobi. Hadarin da ka hango ta wajen Kufena, a yamma, yawanci ya riga ya wuce ka, na mutanen Birnin Gwari ne.

Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, aka yi iska da ƙura, ko ɗigo bai sauka ba. Ina ruwan ya tafi?

Ya sauko, bai dai iso ƙasa ba. A farkon damina iskar da ke ƙarƙashin gajimare da sauran bushewa, sai ta shanye ɗigon tun yana hanya. In ka duba da kyau za ka ga wasu zare-zare masu launin toka suna reto daga gindin gajimaren, sun tsaya a tsakiyar sama. Shanyewar nan tana sanyaya iskar, iska mai sanyi kuma nauyi gare ta, sai ta rikito ƙasa da ƙarfi ta bazu gaba. Ita ce sanyin nan da kan bugi fuska minti kaɗan kafin hadari, ita ce kuma mai ɗebo jar ƙura daga gonakin da ba a shuka ba ta turnuƙe Kwangila har direba ya kunna fitila da rana. Saboda haka ne hadarin Afrilu da Mayu ya fi na Agusta ɓarna, ko da yake na Agusta ya fi shi ruwa nesa ba kusa ba.

Su wane ne ke yin hasashen nan, kuma da me suke yi?

A Najeriya aikin hukumar kula da yanayi ta ƙasa ne, wato NiMet, wadda dokar 2003 ta kafa. A farkon kowace shekara takan fitar da hasashen damina: lokacin da ake sa ran za ta kankama a kowane yanki, lokacin ɗaukewarta, yawan ruwan, da inda ake fargabar tsaikon ruwa a tsakiya. Ban da wannan tana fitar da na kwana uku-uku, wanda gidajen rediyo da jaridu ke ɗauka.

Kayan aikin kashi uku ne. Akwai tashoshin ƙasa masu auna zafi, laima, iska da ruwan da ya sauka. Zariya ta yi sa'a a nan, domin tashar binciken noma ta Samaru, wadda aka kafa tun 1922 ta kuma koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta daɗe tana rubuta ruwan kowace rana, ga kuma kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964, inda ba a tashi sai an san halin da sama ke ciki. Akwai taurarin ɗan'adam na Meteosat, mallakar ƙasashen Turai, waɗanda ke tsaye wajen kilomita 36,000 a saman Afirka suna aiko da hoton gajimare duk minti 10 zuwa 15. Sai kuma manyan kwamfutoci a Turai da Amurka, waɗanda ake ɗura wa duk awon da aka tara a duniya su lissafa yadda iska za ta motsa gobe da jibi.

Manhajar wayata ta nuna ruwa jiya, ba a yi ba. Yau ta nuna rana, ga shi mun jiƙe sharkaf. Ƙarya suke yi?

Ba ƙarya ba ce, gejin iyawarsu ne. Yawancin manhajojin nan ba su da kowa a Zariya, lissafin kwamfutocin can suke kwasowa su manna wa sunan garinka. Kwamfutar kuwa ta yanka duniya gida-gida kamar dara, kowane gida faɗinsa wajen kilomita 10 ko fiye, ta ba shi amsa ɗaya. Hadarin farkon damina wani lokaci duk faɗinsa bai fi gida guda ba, kuma cikin awa ɗaya zai iya haɗuwa, ya zubar, ya watse. Ƙari a kan haka, tashoshin awo a Afirka ba su da yawa in an kwatanta da Turai, don haka abin da ake ɗura wa kwamfutar tun farko da giɓi a cikinsa.

Sai batun kason nan da ake rubutawa. In ka ga kashi 60 cikin 100, ma'anarsa in aka sami rana goma masu irin wannan yanayi, a shida za a yi ruwa a wurin, a huɗu ba za a yi ba. Ranar da ka faɗa cikin huɗun, manhajar ba ta saɓa alkawari ba. Ni yadda nake karanta ta a watan Mayu shi ne: babban kaso na nufin yau sama ta nuna, duk abin da ake buƙata ya haɗu. Ko a kan unguwarmu za a sauke, wannan sai na fita da la'asar na dubi gabas. Abin da ya fi alamar gajimare da ɗigo amfani a manhajar shi ne hoton tauraron ɗan'adam mai motsi, ga wadda take da shi. Nan za ka ga farin dunƙule yana tahowa daga wajen Bauchi, ka ƙiyasta da kanka.

An tafka ruwa a Samaru har kogin Kubanni ya kawo, amma a Tudun Wada ƙura ake sha. Yaya haka?

Ƙanƙantar hadarin ce, kamar yadda na faɗa. Yana tafiya ne kamar mai ban ruwa da bokiti, inda ya bi nan ya jiƙa. Na sha baro Samaru a jiƙe in iso PZ in tarar masu shago na yayyafa ruwa a ƙofa don kwantar da ƙura, suna kallona kamar wanda ya faɗa rijiya. Hausawa sun gama magana da suka ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Sai an shiga Yuli da Agusta, lokacin marka, sannan ake samun ruwan da kan game gari duka ya wuni yana zuba.

An yi ruwan farko mai yawa, ƙasa ta jiƙu. In fita shuka?

Malam, dakata tukuna. A nan ne aka fi tafka asara, kuma ni ma na taɓa ɗanɗanawa. Wata shekara a ƙarshen Afrilu aka kwana ana ruwa, da safe na duba gwangwanina na ga abin arziki, ƙamshin ƙasa ya cika gari. Ban yi wata-wata ba na ɗebi irin masarar da na saya da tsada na shuke gonar kakaf. Wani dattijo maƙwabcin gonata yana zaune a gindin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya, ya ce, "Ɗana, wannan ruwan na wanke ƙura ne, ba na shuka ba." Na ce, "Baba, ai an ce damanar bana da wuri za ta zo." Bai ƙara cewa komai ba. Masara ta tsiro kore shar, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta yi tsit fiye da mako biyu. Ina kallo ganyen ya nannaɗe kamar tsinken tsire, ya koma ruwan toka, ya kwanta. Sai da na sake sayen iri.

Ruwan farko daban, kankamar damina daban. A Zariya akan sami ruwa jefi-jefi tun Afrilu, amma daminar ba ta cika zama da gindinta ba sai an shiga Mayu sosai, wata shekarar har farkon Yuni. Duk shekara muna samun wajen milimita 1,000 ko ɗan fiye, Agusta ke ɗaukar kaso mafi tsoka, ruwan ya ɗauke a Oktoba. Masana noma suna da ma'aunin da suke yawan amfani da shi a wannan yanki: a tara aƙalla milimita 20 cikin kwana biyu zuwa uku, kuma kada a sami tsaikon da ya wuce mako guda a cikin watan da ke biye. Kashi na farko kana iya aunawa da kanka. Kashi na biyu ne hasashen NiMet da shawarar malaman gona ke taimakawa a kai.

Awon ba wuya. Nemi gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, ka kafa shi a fili nesa da indararo da inuwar bishiya. Da safe ka tsoma rula. Santimita 2 shi ne milimita 20. Kada ka raina shi: milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, wato milimita 20 a hekta guda lita 200,000 ke nan. Bayan haka ka haƙa ƙasa da hannu. In laimar ba ta kai tsawon tafin hannu ba, sama-sama ce, rana biyu za ta ɗauke ta.

Gero ya fi masara jimirin ƙishirwa, shi ya sa mutanen arewa da mu ke iya yin binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. Masara ba ta son wannan caca. In kuma damina ta makara, akwai irin masara mai saurin nuna cikin jerin SAMMAZ da cibiyar Samaru ke fitarwa, sai a tambayi malamin gona wanda ya dace. Taki kuma, musamman yuriya, kada a watsa shi a bar shi a sarari ranar da hadari ke haɗuwa. A tona a rufe, in ba haka ba ruwa ya kwashe kuɗinka ya kai wa kogin Galma.

Alamun da tsofaffi ke dubawa fa, suna da tushe?

Da yawansu suna da shi. Shamuwa baƙuwa ce, takan yi rani a can kudanci da gabashin Afirka, ta biyo ruwa ta zo nan ta yi sheƙa, don haka ganinta a kan kuka ko rimi shaida ce iskar damina ta matso. Gawo kan kakkaɓe ganyensa daidai lokacin da sauran itatuwa ke toho. Juyawar iska daga gabas zuwa kudu maso yamma, da gumin dare, duk labarin iyakar nan da na ambata suke bayarwa. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma waɗannan alamu Larabar damina ce. Abin da ba za su gaya maka ba shi ne ko za a yi tsaikon kwana goma sha biyar bayan ka shuka. Shinge kuwa bayan ruwa yake fitowa, labarin abin da ya riga ya faru yake kawowa, sai dai yara su kafa kwano a gindin fitila.

Shin hasashen ruwa ba kutse ba ne cikin gaibu?

Ana yawan yi mini wannan, kuma tambaya ce mai kyau. Ƙarshen Suratu Luƙman ya ambaci saukar da ruwa cikin abubuwan da Allah Ya keɓanta da su, kuma an hana jingina ruwa ga tauraro kaza. Mai hasashen yanayi bai ce shi zai saukar ba, bai kuma ce ya tabbatar ba. Sababi yake dubawa, kamar yadda kakarka ke leƙa gabas ta ce, "Yara, ku shigo da kaji, hadari ya taso," ba wanda ya ce ta yi duba. Bambancin kawai na'urarsa ta fi idonta hangen nesa. Yawan kuskuren da yake yi ma ya isa ya tuna masa matsayinsa. Hukunci dai na malamai ne, a tambaye su. Ni nakan ce "ana sa ran ruwa in Allah Ya so", kuma ranar da aka kira sallar roƙon ruwa ina sahu.

Yaya zan gane tsawa ta kusa, kuma ina zan fake?

Haske nan take yake isowa, ƙara kuwa tana cin wajen daƙiƙa 3 a kowace kilomita. Da ka ga walƙiya sai ka fara ƙirga. In ka kai 15 kafin ka ji cida, tana nesa da kilomita 5. In ba ka kai 30 ba, kana cikin inda za ta iya kaiwa, ka nemi ginin kirki ko mota mai rufin ƙarfe. A ba da kamar rabin awa bayan tsawar ƙarshe kafin a koma gona ko filin ƙwallo.

Mafi hatsarin wuri shi ne wanda kowa ke rugawa: gindin doguwar bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a gona. Haka kan dutse, bakin dam, rumfar kwano marar bango, da kan babur a fili. Makiyaya da manoma su suka fi shiga wannan hali. In ba mafaka, a ajiye fartanya da sanda, a rarrabu, a nemi wuri mai kwari wanda ba ruwa a ciki.

Wayar hannu ba ta kiran tsawa, haka ma jan tufafi. Abin gudu shi ne wayar da ke jone da caji a bango, da talabijin mai eriya a kan rufi, a cire su kafin hadari ya iso. Dutsen nan mai santsi da ake tsinta a gona a ce gatarin aradu ne, gatarin mutanen da ne na zamanin da ba a san ƙarfe ba. Wanda tsawa ta faɗa wa kuma babu sauran wuta a jikinsa, ana iya taɓa shi. Kada a tsaya neman wani abin da za a zuba masa. In ba ya numfashi a danna ƙirjinsa a kai a kai, a garzaya da shi asibiti, domin da yawa suna rayuwa in an yi hanzari.

Me ya sa iskar farkon damina ke yaye rufin kwano, kuma me za a yi?

Iskar da ta bi ta saman rufi da gudu tsotsarsa take yi sama, in kuma ta sami ƙofa ko taga a buɗe ta ɓangaren gabas sai ta shiga ta tura daga ciki. Daga kusurwa da baki take fara ɓamɓara. Tun a watan Maris ya kamata a kira kafinta ya hau ya duba ƙusoshi, ya canza katakon da gara ta ci, ya tabbatar an ɗaure katakon da jikin gini da ƙarfe ko waya mai kauri. Jera duwatsu da tsofaffin tayoyi a kan kwano dabarar wucin gadi ce, ranar da iska ta fi ƙarfinsu a kan mutane suke sauka. A sassabe reshen darbejiya da ya rankwafo kan ɗaki, a kuma yashe kwata tun ba ta toshe da leda ba.

Muna da ɗaurin aure nan da mako uku. Za a iya gaya mana ko za a yi ruwa ranar?

A'a, Hajiya, kuma duk manhajar da ta nuna miki ɗigo ko rana a kan wata Asabar mai nisan mako uku ado ne kawai. Hasashen damina gaba ɗaya yana iya cewa bana za ta zo da wuri ko ta makara. Na kwana biyu zuwa uku yana iya cewa akwai yiwuwar hadari a yankin Kaduna. Wanda za a iya dogara da shi kan unguwa da sa'a shi ne na awa biyu zuwa uku, lokacin da hadarin ya riga ya bayyana a hoto. Abin da zan iya ba ki shi ne ɗabi'ar lokacin: a Mayu da farkon Yuni hantsi ya fi la'asar aminci. A ɗaura aure da safe, a yi walima kafin la'asar, masu kafa rumfa su kafe turakunta sosai ta ɓangaren gabas, a kuma sa yaro ɗaya mai ido ya riƙa leƙa wajen Soba.